Habɗin Inna

Innarmu ba ta iya wuce wutar da wani ya hura ba tare da ta sa mata hannu ba. Ko baƙunta ta je, sai ka gan ta tsugune gaban murhun mutane, ta janye wannan itace, ta iza wancan, tana cewa, "Ku dai hayaƙi kuke dafawa." Sana'arta ke nan tun muna yara: tana dafa wa ma'aikatan wani shagon katako abinci a bayan rumfa, murhu uku a jere. Ƙirare na da kwandonsu, faskare na jingine da bango, ɓawon itace kuma yana cikin wani tsohon bokiti da ba mai taɓa shi sai ita. Tsinken ashana ɗaya ya ishe ta. Mu kuwa sai mun ƙarar da kwali muna hawaye da majina, ita tana mana dariya.

Daga nesa aka auro ta. Wata tsohuwar maƙwabciya ce ta ba ni labarin cewa tana amarya ta ce a miƙo mata icce, dangin Baba suka kwashe da dariya, har suka laƙaba mata suna Ta-icce. Inna mace ce mai zuciya. Ba ta yi faɗa ba, sai ta haɗiye harshen garinsu gaba ɗaya, ta koyi na dangin Baba har ta fi su iyawa. Mu 'ya'yanta mun tashi ba mu taɓa jin ko kalma ɗaya ta can a bakinta ba.

Da tsufa ya kama ta, ta fara rikicewa, na ɗauko ta ta dawo wurina. Gidan haya ne a saman bene, girkinmu da gas, ba murhu ba gawayi. Da rana lafiya lau take, tana zaune bakin taga tana sa wa masu wucewa ido. Amma da zarar rana ta yi ja sai hankalinta ya tashi. Ta miƙe da sandarta, ta leƙa kicin, ta leƙa bayan ƙofa, tana murza hannuwa.

"Habɗi fa? Ina habɗi?"

"Wane ne shi, Inna?"

"Ke dai ba ki da amfani. Dare zai yi."

Mun ɗauka sunan mutum ne. Yayana ya ce wataƙila wani ƙaninta ne da ya rasu da ƙuruciya. Mijina, da ba ya rasa abin tsokana, ya ce, "Ko dai tsohon saurayi ne, Inna? Faɗa mana mu nemo shi." Ta watsa masa harara. Muka buga waya garinsu, muka tambayi wani ɗan ƙanwarta ko akwai mai wannan suna a dangi, muka furta shi yadda kunnenmu ya ji. Ya ce babu. Tambayar banza, amsar banza.

Haka muka yi ta fama. Likita ya ƙara mata maganin barci. Mu kuma muka koma yi mata ƙarya: yana hanya, ya tafi kasuwa, gobe zai zo. Sai ta dube mu kamar mu ne muka rikice, ta zauna bakin gado tana kuka a hankali har barci ya sace ta. Kukan nan ya fi komai ci mini rai, don ban taɓa ganin hawayen Inna ba sai na hayaƙi.

Da ta rasu, ƙanwarta ta zo, tsohuwa tukuf, ana riƙe da hannunta. Mutane sun yi yawa, gas ba zai iya ba, sai muka kafa duwatsu a tsakar gidan ƙasa muka hura itace. Washegari da safe ina tsugune zan sake hurawa, ƙanwar Inna ta ce daga kan tabarma, "Ke 'yar nan, kwashe habɗin tukuna."

Na juyo. "Me kika ce, Inna ƙarama?"

"Habɗi. To, toka, in ji ku."

Na ba ta labarin abin da ya faru. Ta goge ido da bakin mayafi.

"A gidanmu Innarku ce babba," in ji ta. "Uwarmu ba lafiya gare ta ba. Kullum da almuru ita ke rufe garwashi da habɗi don ya kai safe. In ta manta wuta ta mutu, mu ƙanana sai rana ta take ba mu sa komai a baki ba. Ba ta kwanciya sai ta rufe." Ta ja numfashi. "Da kun ba ta ko cikin tafi ɗaya, da ta yi barcinta."

Aka kira ni daga bene ana neman ruwan zafi. Lokacin na gama share murhun. Ina tsaye da faranti cike da toka, wai zan kai bola.