Kwaɗon Gindin Randa

A gidanmu na Getso akwai wani ƙaton kwaɗo da ya yi shekaru a gindin randa, cikin jiƙaƙƙen yashin da aka kafa ta. Na tsane shi. Bayansa duk ƙuraje, kuma na taɓa ganin wani kare ya cafke irinsa, ya yini yana kumfar baki. Amma Inna, mahaifiyarmu, ta hana a taɓa shi. Ta ce shi ke cinye mana kyankyasai, har ruwa take yayyafa masa in zafi ya tsananta.

Wata rana da bazara, bayan azahar, na je shan ruwa ban gan shi ba. Da murnata na faɗa wa Inna cewa mummunan ya ƙaura.

Ba ta yi dariya ba. Ta ajiye tankaɗen da take yi, ta ce da ni a hankali, "Saki moɗar nan. Taho da baya, kada ki juya."

Da na iso ta riƙe hannuna. Ta ce kwaɗo ba ya barin danshi a wannan zafin don kansa.

Ta ƙwala wa maƙwabta kira, suka zo da sanduna. Tsakanin randa da bango suka tarar da gamsheƙa a naɗe, cikinta ya kumbura, daidai inda yatsun ƙafata suka tsaya ɗazu.

Har yau ba na buɗe randa sai na duba gindinta. In babu kwaɗo, ƙishirwar ta jira.