Baba Ilu da Ƙulin Angurya

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina cikin ɗakin kaji aka kira ni a waya: Baba Ilu malamin gona ya rasu a Tudun Wada.



Na san shi tun ƙarshen shekarun tamanin, lokacin da na fara kiwon kajin ƙwai a Bebeji. Mu cikin shanu muka tashi, duk rani angurya muke ba su, su yi ɓulɓul. Da tunkuzar gyaɗar da nake ba kaji ta yi tsada sai na ce ai abin da ya gyara saniya ba zai ɓata kaza ba. Na dinga zuba musu ƙulin angurya ba awo.

Ƙwan ranar lafiya lau. Amma ba a daɗe ba masu shayin Bagauda suka fara dawo min da kiret ɗin ƙwai. Gwaiduwa ta rine ta yi kore mai duhu, farin ya yi jaja-jaja. Gari ya ɗauka sammu aka yi min. Ni kuwa, Allah Ya yafe min, na ɗora wa maƙwabciyata Inna Dije.

Baba Ilu ya zo a tsohon babur ɗinsa. Ya shinshina abincin kajin, ya ware sabon ƙwai shida, ya ce in ajiye gindin randa. Da ya dawo bayan makonni ya fasa su a farin faranti, sai ga su duk sun rine.

"Ɗana, ba sammu ba ne, angurya ce. Cikin saniya daban, na kaza daban. Tashi mu je ka ba baiwar Allahn nan haƙuri."

Har ƙofar gidanta ya raka ni.

Watan jiya ya zo yana dogara sanda. Ya hango buhunan angurya a lungun sito, ya zungure su.

"Waɗannan fa?"

Na ce na shanu ne, Baba.

Ya dube ni ya ce, "To. Ka dai san ƙwai ba ya nunawa ranar da aka yi shi."

Ƙarya na yi masa. Abincin kaji ya yi tsada, tun kafin zuwansa nake haɗa musu kaɗan-kaɗan. Ƙwan ya riga ya shiga kasuwa. Akwai shida gindin randa, na kasa fasawa. Tsoro nake ji wallahi.

Allah Ya jiƙan Baba Ilu, Ya haskaka makwancinsa. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a. Ni ma ku roƙa min gafara, don wanda zan ba haƙuri yau da azahar za a kai shi.