Layukan da Na Zana wa Baba Tsoho

Ranar Juma'a ce, shekarar da na shiga aji uku a lakwal, wato makarantar boko. Na sato guntun alli ina zana gidajen wasan tsalle a ƙofar zaurenmu a Zongo, sai ga kakana, Baba Tsoho, ya kafe a bakin ƙofa kamar kullum. Hannunsa na rawa, ƙafafunsa kamar an dasa. Wata biyu ke nan bai kai masallaci ba. Ya ƙura wa zanena ido, ya ɗaga ƙafa ya tsallake layin farko, sai na biyu. Na ruga gabansa ina ta ja masa layi har bakin titi, yana cewa, "Ƙara, amarya, ƙara."

Juma'a huɗu muka yi haka. In na gama wanke-wanke da kai wa innata ruwa wurin tuyar ƙosai, sai in ɗauko allina. Amma gidan ya riga ya tsorata da shi, domin yakan gaishe da baƙin da ba wanda ke gani. Wai suna zaune ƙarƙashin darbejiya da fararen kaya, ba sa magana. Tsohon ɗan kasuwar atamfa, sai ga shi ba ya bambanta shuɗi da kore.

Da Gwaggo Rabi, ƙanwar babana, ta zo daga Dapoya ta ga layukan, ta dafa ƙirji. "Sammu ne aka yi masa! Wane la'ananne ya zana?" Ina tsaye, allin na cikin zanina, tsoro ya hana ni buɗe baki. Aka wanke ƙofar da ruwan tofi. Juma'ar da ta biyo baya, Baba Tsoho ya tsaya a zaure ya dube ni. Muryarsa ta riga ta shige, ni kaɗai na ji: "Amarya, yau ba hanya?" Na sunkuyar da kai. Bai sake fita ba sai a makara.

Bara wani likita ya bayyana mini cewa ciwo ne ya kama Baba Tsoho, a ƙwaƙwalwa yake: shi ke kawo baƙin, kuma ido kan tayar da ƙafar da ta maƙale in ya samu abin tsallakewa. Yau ciwon yana da suna da magani, nisan masallacin ma na ƙirga shi, taku sittin ne daga zaurenmu. Har yanzu ina jin kunyar shirun nan.