Ranar da Elbio Ya Ɗage Ƙafa

Shekara goma sha tara Elbio Rostagno ya yi yana tseren mota. Ya zo na ɗaya sau talatin da huɗu, amma kofin shekara bai taɓa kwana a gidansa ba. Daga Litinin zuwa Juma'a tankar madara yake ja, yana bin gonakin shanun da ke kewaye da Colonia Santa Rufina. Ran Lahadi kuwa sai ya shiga wata jar mota mai ƙofa biyu, irin wadda kowa zai iya saye a kanti, an dai cire mata kujeru an kafa mata ƙarafa a ciki. In ya shiga kwana da ita, tsofaffin da ke bakin wayar shinge har ajiye ƙoƙon shayinsu na mate suke yi.

Dokar gasar lardin ce ta cinye shi. Wai don kada mutum ɗaya ya riƙa lashewa kullum 'yan kallo su gaji, duk wanda ya zo na ɗaya sai a ɗaure masa kilo talatin na dalma a ƙasan mota. Na biyu ashirin, na uku goma. Daga na huɗu zuwa ƙasa kuwa sauke maka nauyi ake yi. Adalci suke kiran abin, kuma da gaske suke. Masu wayo sun daɗe da gano kansa: su yi ta zuwa na huɗu suna tsintar maki, su iso tseren ƙarshe, inda ake ninka maki, da mota sakayau. Elbio kuwa ƙafarsa ta dama ba ta jin lissafi. Ya ci a Maris, ya ci a Afrilu, kafin Nuwamba motar tana nishi kamar saniya mai ciki.

Ovidio, ƙanin matarsa Nilda, shi ne makanikinsa, kuma shi ke narka dalmar a wata tsohuwar tukunya a bayan gareji.

"Tsoho, kai fa ba mota kake tuƙi ba, jaki kake kora," in ji shi. "Saura kilo biyar ya zama surukarka ka ɗauko a gefe."

"Mahaifiyarka fa kake faɗi, Mai Tumbi."

"Shi ya sa na san nauyinta."

Mutanen garin ba su damu da kofi ba sosai. Duk wata sukan gasa nama a zauren kulob, a sa maraƙi a ƙuri'a, a saya masa taya. Abin alfaharinsu ɗaya ne: namu ba ya ɗage ƙafa daga totur. In mutumin Santa Rufina ya je wani gari aka yi masa gorin kofi, da wannan yake rufe bakin kowa.

Yana da shekara hamsin da biyu likitan da ke sa hannu a takardar izinin tsere ya duba idonsa na hagu, ya daɗe yana dubawa.

"Bana na sa maka hannu saboda mahaifinka," ya ce. "Baɗi kada ka ɓata man motarka."

Elbio bai gaya wa kowa ba sai Ovidio. Saura tsere biyu shekara ta ƙare, yana gaba da maki kaɗan, da kilo tamanin a ƙasan mota. Wanda ke bin sa shi ne Lisandro Peiretti, mai sayar da injinan noma, mutum mai fara'a wanda duk shekarar bai ci ko sau ɗaya ba.

Ovidio ya zana lissafin da alli a ƙofar gareji. "Ran Lahadi ka zo na uku, ka je na ƙarshe da kilo casa'in, ko mala'ika ne kai an wuce ka. Ka zo na huɗu, a sauke maka talatin. Da hamsin kana iya cin Peiretti da hannu ɗaya."

"In ba shi hanya ke nan?"

"Sau ɗaya tak! Kowa yana yi. Kai ne kawai waliyyi a lardin nan, ga shi waliyyin bai da ko ƙoƙon shan ruwa."

Nilda tana miƙa wa Elbio mate ta ce, "Ni dai kantar da na share wa kofi a falo tun ina amarya har yanzu hoton kare ne a kai."

Ya sha, ya mayar mata.

Ranar Lahadin an yi rana sosai. Rabin garin ya bi shi da tutoci, suka kafa wutar gashi daidai inda ake kammalawa. A zagayen ƙarshe Elbio yana na uku, Peiretti yana manne da shi a na huɗu, na biyar kuwa an bar shi can baya. Da suka fito daga kwanar ƙarshe, Elbio ya cije leɓe ya ɗage ƙafa.

Ba wanda ya wuce shi.

Ya duba madubi. Peiretti yana nan, shi ma ya rage. Ashe na huɗun nan gidan mutum ne, ba zai bar shi ga baƙo ba. Elbio ya sauke giya, Peiretti ya sauke. Sai dai shi gwani ne a wannan fannin: motarsa tana tari, tana fizga, ya fito da hannu ta taga yana kaɗawa kamar mai neman agaji. Elbio kuwa, da bai taɓa koyo ba, birki ya taka, jajayen fitilu biyu suka kama a gaban mutum dubu uku. Motoci biyu suna rarrafe a miƙaƙƙiyar hanya. Wani mai sayar da burodi da tsiran nama yana tafe a bakin waya da tirensa, ya wuce su. Mai tuta ya gaji da ɗaga hannu ya sauke.

Fito ya fara daga mutanen wasu garuruwa. Na Santa Rufina ba su yi fito ba, shiru suka yi, kuma shirun ne Elbio ya ji ta cikin hular kwano. Can na biyar ya iso, ya ratsa tsakaninsu bai san abin da ake ciki ba, ya tsinci na uku. Elbio ya gangara a na huɗu.

Alƙalan gasa suka kira shi da Peiretti ɗaki, don doka ta hana rage gudu da gangan. Peiretti ya shigo da makanikinsa, riƙe da matatar mai cike da dauɗa, fuska a tausaye. Aka rubuta. Shugaban alƙalan, wani dattijo da ya san Elbio tun yana tseren keke, ya juyo.

"To, Rostagno, kai kuma me ya samu taka? Inji ne ko?" Har da ɗan ɗaga gira, hanya ce yake buɗe masa.

Ovidio yana tsaye a gefe, hannu duk baƙin mai, yana gyaɗa kai a hankali: ce inji. Elbio ya dubi hannayen nan. Shekara goma sha tara injin da suka ɗaura bai taɓa mutuwa a tsere ba, kuma duk abin da aka rubuta a ɗakin nan gobe yana cikin jarida.

"Lafiyarta ƙalau," ya ce. "Ni na tsaya."

Dattijon ya ajiye biro ya shafa fuska. Aka soke sakamakon Elbio, ba maki, dalma kuma tana nan daram. Peiretti ya hau na huɗu.

A waje Ovidio ya kama shi da faɗa. "Wa ya roƙe ka? Ka zagi injin mana! Ka ce ruɓaɓɓe ne, ka ce da tukunyar Nilda na haɗa shi! Ni ina ruwana da jarida?"

"Ba zan iya ba."

"Gaskiyar ba ka riƙe ba, ƙaryar ba ka iya ba. Tsoho, kai a wane layi za a sa ka?"

Tseren ƙarshe motoci uku kacal suka bi shi daga gari. Waɗanda suka je sun ce bai taɓa tuƙi irin na ranar ba. Zagaye goma sha ɗaya yana gaba da kilo tamanin, yana tare kowace kwana, har tayoyin gaba suka cinye. Peiretti ya wuce shi ta waje a natse, har da ɗaga masa hannu. Elbio ya zo na uku, kofi ya tafi hannun Peiretti. Suna saukowa aka kira shi sikeli, aka rubuta masa ƙarin kilo goma na baɗi.

A gari ba wanda ya zage shi. Gashin naman wata ne kawai aka ɗage, sannan aka sake ɗagewa. Yara suka sa masa Kunkuru, manya suka tsawata musu da gefen baki ɗaya, suna dariya da ɗayan.

Bayan 'yan watanni ya sa motar a kasuwa. Wani likitan haƙori daga birni, mai sha'awar shiga gasa, ya zo gani. Elbio ya zaunar da shi a ciki, ya durƙusa a ƙofa, ya fara nuna masa da hannu yadda ake shiga kwana ta uku, inda ake taɓa birki, inda ake jira mota ta zauna kafin a ba ta wuta. Idonsa har ya fara haske.

"Wannan duk zan koya a hankali, Malam Elbio," likitan ya katse shi. "Abin da nake so ka nuna mini, yaya ake ba da hanya alƙalai ba su gane ba?"

Ovidio, da ke kwance ƙarƙashin wata akori-kura, ya ƙyalƙyale da dariya har ya ƙware.

"Likita, duk lardin nan mutum ɗaya ne bai sani ba, kuma shi ka zo tambaya."

Elbio ya dafa ƙofa ya miƙe, gwiwa tana ƙara. Ya zaro makulli ya ajiye a kan rufin motar.

"Dalmar tana ciki," ya ce. "Kai ba za ka buƙace ta ba, amma ka tafi da ita."