Sayyora Opa, Garkuwar 'Yan Haya

Kafin mai gurasa ya fitar da zubin farko daga tanderu, Sayyora opa ta riga ta buɗe ofishin unguwa. Ta share ƙanƙarar da ta taru a bakin ƙofa, ta ɗora butar koren shayi, sannan ta zauna jiran masu zuwa da kukansu. Haka muka tashi muka gan ta a wannan unguwa tamu ta Tashkent, har ga shi a watan nan ta ajiye aiki da furfura da ciwon gwiwa. Yaro da babba, kowa opa yake ce mata, wato babbar yaya.

Aikinta ba mai ɗaukar ido ba ne. Doka ta ce duk wanda ya ba da gida haya, a rubuta yarjejeniya a kai wa hukuma ta yi rajista. Masu gida na kauce wa haka don gudun haraji, 'yan haya kuwa, yawancinsu baƙi daga karkara, kunyar tambaya suke ji. Sayyora opa ce ke shiga tsakani. Takan ce wa ɗalibi, "Ƙanena, alkawarin baki ba ya riƙe rufin ɗaki. Yau ya kira ka ɗana, gobe ya ce bai san ka ba."

Wanda ya ga abin da ya faru da Feruza ba zai manta ba. Yarinyar ta kawo mahaifiyarta daga kudu don wankin ƙoda a asibiti, suka kama ɗaki a hawa na uku, gidan wani mai sayar da tayoyi da ake kira Erkin aka, wato yaya Erkin. Babu rajista, don ya ce musu, "Mu 'yan uwa ne, me ya kai mu ofis?" Ana tsakiyar sanyi aka sa ranar auren ɗansa. Wata rana da la'asar suka dawo daga asibiti suka tarar an canza kwaɗo, kayansu a ƙulle a bakin ƙofa, tsohuwa ko tsayuwa ba ta iya yi.

Maƙwabciya ce ta ruga ta sanar da Sayyora opa. Opa ta hau benen nan da gwiwarta mai ciwo, ta cire rigar sanyinta ta lulluɓe tsohuwar, ta zauna kan matakala ta aika a kira mai gida.

Erkin aka ya iso yana huci. "Opa, gidana ne ko naki?"

"Naka ne, Erkin. Amma doka ba ta ba ka ikon jefar da mutum waje ba tare da wa'adi ba. Kuma da ka yi rajista, da yau kai ma kana da madafa."

"To ina zan sa amarya? A kan taya?"

"Ai ka fi kowa tayoyi," in ji ta. Maƙwabtan da suka leƙo suka kwashe da dariya. Sai ta sassauta murya. "Zo ka zauna nan kusa da ni. Ka tuna shekarar da ka zo garin nan da akwati ɗaya, matarka da tsohon ciki, mai gidanku ya watso muku kaya? Wa ya zauna da kai a bakin ƙofa har aka buɗe? Cikin nan, ba shi ne angon da kake wa wannan rawar kai ba?"

Erkin aka ya dubi tsohuwar da ke rawar ɗari. Ya zaro makulli ya buɗe, shi da kansa ya ɗauke ta ya kai ta kan gado. Washegari Sayyora opa ta tasa shi gaba da Feruza aka yi rajista, da wa'adi har zuwa bazara. Ango da amarya suka fara zama a gidan iyaye. Tsohuwar ta ci shinkafar bikin, kuma da ajalinta ya zo bayan narkewar ƙanƙara, a kan gado ta cika, a ɗaki mai ɗumi, 'yarta na riƙe da hannunta.

Kada a ɗauka ɓangare ɗaya take bi. Da wasu samari suka farfasa gidan wata bazawara suka ƙi tashi, ita ce ta tsaya mata har suka gyara suka fita. "Haƙƙi ba shi da ɗan ɗaki," in ji ta.

Opa, ke ce inuwar baƙo a garin da bai san kowa ba. Ba ki gina gida ko ɗaya ba, amma mutane nawa ne suka kwana a ƙarƙashin rufi saboda ke? Mun gode. Allah ya ba gwiwar nan lafiya, ya sa ki huta cikin jikoki.

Mu kuma da muka rage, mai gida ya yi rajista kafin ya miƙa makulli, ɗan haya ya tambayi haƙƙinsa ba kunya. In kuwa ka ga kayan maƙwabci a ƙulle a bakin ƙofa, kada ka tsallake su. Zauna da shi har a buɗe.