Wa Ya Hau Rufin Sito?

Yayana labari ɗaya gare shi a duniya, kuma babu wanda ya sha shi kamar ni. Shekara goma sha tara ya yi yana riƙe da makullan sito a wani kamfanin buga littattafan rubutu na 'yan makaranta, har a layinmu ba a kiransa da komai sai Mai Makulli. Ba shi da yawan magana, ba ya kallon ƙwallo, ba ruwansa da gardamar siyasa. Amma idan hadari ya haɗu kuna zaune da shi, ka shiga uku. Zai miƙo maka hannun dama, ya nuna tabon da ya ratsa tafinsa daga gindin babban yatsa har wuyan hannu, ya ce, "Ka san inda na samo wannan?"

Mun sani mana. A shekararsa ta shida a wurin, iska ta yaye kwanon sito da tsakar rana ana tafka ruwa, ga takarda jibge har kusa da rufi. Kowa ya tsaya yana salati. Shi ya cire takalmi, ya saɓa tamfol ɗin motar kaya, ya hau tsani. Ya ɗaure kusurwa uku igiya ta ƙare, sai ya zare bel ɗinsa ya ɗaure ta huɗu da shi, gefen kwano ya tsarge masa hannu. Ya sauko hannu ɗaya yana zubar da jini, ɗayan yana riƙe da wando. A nan wurin wandon ake fashewa da dariya, shi ma a nan yake dariya har da share hawaye.

Ni dai haushin labarin nake ji, gara in faɗi gaskiya. Gyaran waya nake yi, kuma ba a taɓa tafa wa mutum don ya canza gilashi ba. Duk baƙon da ya zo gida sai mahaifiyarmu ta ce, "Ba shi na rufin nan." Ni kuwa sai dai a ce in duba masa caji.

Da kamfanin ya rufe, rana ɗaya aka sallame shi da Dogo, abokinsa na sashen lodi, wanda ƙofar gidansa ke kallon ta Yaya. Wata huɗu suna zaune a benci ɗaya. Ni ne na kawo shawarar su je ofishin masu horar da mai neman aiki, kuma har gobe ina cizon yatsa. Ofishin yana saman wani kantin magani: ƙofar gilashi, furen roba a kan tebur, bango cike da hotunan waɗanda suka samu aiki suna murmushi. Sai daga baya na lura duk kwat ɗaya ce a jikinsu, tana nan rataye a bayan ƙofa.

Suka biya, aka gyara musu takardun neman aiki, aka sa musu ranakun koyon amsa tambayoyi, kowa shi kaɗai. Wata malama mai tabarau ce ta zauna da Yaya. Ta ce ya ba ta labarin wata rana da ya warware matsala a wurin aiki, ta ajiye wayarta a tsakaninsu tana ɗaukar magana. An taɓo masa inda yake masa ƙaiƙayi. Ya dawo gida yana walƙiya, ya ce mini, "Har kifa kai ta yi a tebur don dariya. Ta ce ba ta taɓa jin irinsa ba."

Ba a yi wata guda ba wani kamfanin magunguna ya nemi mai kula da sito. Aka kira Dogo ranar Talata, Yaya ranar Alhamis. Mutum uku ya tarar a bayan dogon tebur. Da aka zo tambayar da yake jira, ya gyara zama ya fara. Bai kai ga hawa tsani ba na tsakiyar ya ɗaga biro.

"Bari in ƙarasa maka, Malam. Igiya ta ƙare, ka zare bel."

Ya ajiye biron, ya ƙara da cewa:

"Kai ne na uku a makon nan da ya hau rufin nan. Ku riƙa canza labari mana."

Ya miƙa musu tafin hannunsa. Babu wanda ya duba, sun riga sun koma kan takardar na bayansa. Dogo aka ɗauka, don shi ya fara hawa rufin ranar Talata.

Abin da ya kama Yaya daga nan hassada ce, ba sai an saka mata riga ba. Ƙarfe bakwai na safe farar bas ɗin kamfanin takan tsaya a bakin layi ta ɗauki Dogo, shi kuma yana bayan labule da kofin shayi yana hucewa a hannunsa. Ya san Dogo riga huɗu ya ɗinka. Ya san ranar da ya canza takalmi. Katin aikin da Dogo ke ratayawa a wuya ya fi komai tsone masa ido: "Sai ka ce ba a taɓa ba kowa kati ba. Har shago yake zuwa da shi." Ya daina bi ta ƙofar gidansu, ya gwammace ya zagaya ta bayan makaranta. Matar Dogo ta aiko wa yara da kwalin biskit, ya sa aka mayar. A rana sai ya ce sau goma, "Ni fa ba ni da komai da shi," alhali babu wanda ya tambaye shi. Matar Yaya ta ce mini ko abinci ya rage ci, sai dai ya zauna yana murza tabon nan da yatsa.

Na raka shi ofishin masu horarwar nan. Malamar ta karɓe mu da fara'a, ta ciro takardar da ya sa wa hannu, ta buɗe shafi na uku, ta ɗora farce a kan wani layi mai ƙananan haruffa. Wai duk bayanin da mutum ya bayar, ofis na iya amfani da shi wajen koyar da wasu.

"Misali muka ba su, Malam. Ba mu ce kowa ya ce shi ne ba. Kuma ka duba nan, ba mu yi wa kowa alkawarin aiki ba."

"Malama, ni ba aiki na zo nema ba yau."

Aka kira manaja, wani mai taushin murya da ƙamshin turare. Ya ce don zaman lafiya za su mayar masa da wani abu daga cikin kuɗinsa, su ƙara masa darasi ɗaya kyauta.

"Yallaɓai, ku riƙe kuɗinku. Layi biyu nake so. Ku rubuta wa kamfanin magungunan nan cewa labarin nawa ne, ba ƙarya na yi musu ba."

"Ai hakan tona asirin wani abokin hulɗarmu ne. Doka ta hana mu."

"Shi kuna rufa masa asiri. Ni nawa kun buga kun raba wa mutane kamar takardar talla."

Yana faɗa idonsa na kan bango. An riga an liƙa hoton Dogo a can, cikin kwat ɗin nan, hannunta bai kai masa wuyan hannu ba.

Sau bakwai Yaya ya hau benen nan. A na ƙarshe suka ba shi wasiƙa mai tambari, wai suna baƙin cikin duk wani rashin jin daɗi da ya samu. Malamar ta rako mu bakin ƙofa, kuma na yarda da zuciya ɗaya ta yi maganar. Ta ce, "Ba ka da wani labarin ne? Wannan ya riga ya zagaya."

Yaya ya dube ta ya ce, "Sau ɗaya rufin ya tashi. Daga ranar, duk shekara kafin ruwa ya sauka sai na hau na bi ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya. Shekara goma sha uku babu abin da ya sake faruwa. Aikina ke nan, kada komai ya faru. Me zan ba ki?"

Ni na tare Dogo, don Yaya ya rantse ba zai yi ba. Na same shi yana saukowa daga bas, na ce, "Ranar da rufin ya tashi kana ina?"

"Ina cikin motar kaya, na rufe gilashi." Bai ko yi gardama ba. "Ƙanina, 'ya'ya biyar gare ni. Takarda suka ba ni suka ce in haddace. Na gane labarin, wallahi na gane shi. Na ɗauka shi za su ba shi wani ne." Ya juya katin wuyansa ya tura shi cikin aljihu. Na zo da zagi cike da baki, na koma da shi gida.

Yanzu Yaya yana taimaka wa wani mai sayar da kayan gini, yana jera masa fenti da ƙusa, ba laifi. A watan jiya muka je aski tare wurin sabon mai askin da ya buɗe a bakin layi. Yaya na kan kujera an yafa masa ƙyalle, ni ina jiran layi, sai gari ya yi duhu iska ta taso. Mai askin ya leƙa waje ya ce, "Irin wannan hadarin ne ya yaye rufin su Dogo. Kun san shi ai, mai shiga farar bas ɗin nan? Namijin duniya ne. Shi ya ba ni labarin da bakinsa a kujerar nan."

Ya kwashe shi tsaf, tamfol da tsani da igiya. Na buɗe baki zan yi magana, Yaya ya kalle ni ta madubi, na fasa. Ina gani ya janye hannunsa na dama daga kan kujera ya shigar da shi ƙarƙashin ƙyallen. Da aka zo wurin wando shagon ya kaure da dariya. An ba da shi da kyau, har ya fi yadda Yaya ke bayarwa, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Muna hanyar gida yayyafi ya fara. Shekara da shekaru ina gudun labarin nan, ban taɓa roƙonsa ba ko sau ɗaya. Na ce, "Yaya, wai ina ka samo tabon nan na hannunka?"

Ya buɗe tafin ya duba, ruwa na ɗiga a ciki.

"Kwano ne ya yanke ni," ya ce, ya sa hannun a aljihu, ya ƙara sauri.