Tsokar da Muka Binne a Bayan Rumbu

Ranar da aka yi wa Yayata aikin mama, wata ma'aikaciyar asibiti ta miƙo mana roba mai murfi da takarda a ninke. Ƙarin da aka ciro ne a ciki, yana iyo a ruwan magani. "Ga shi, ku tafi da shi," ta ce, ta juya. Iyakar bayaninta ke nan. Har yau in na tuno ƙeyar matar nan, sai raina ya ɓaci.

Mijin Yaya manomi ne a Ketare, mutum mai tsoron Allah. Ya dubi robar, ya dube ni.

"Naman mutum ne wanga," ya ce. "Ba a barin shi a sarari."

"Gaskiya ne, Malam," na ce.

Shi ya haƙa rami a bayan rumbu, ni na yago farin ƙyalle muka naɗe tsokar. Takardar kuwa na cusa ta cikin jaka ban buɗe ba, ni da nake koyar da Turanci a firamare a Ƙanƙara.

Bayan sati uku muka koma, likita ya ce ina sakamakon gwaji. Ashe babban asibiti ya kamata mu kai tsokar, a duba wane irin ciwon daji ne, wane magani yake ji. Malam ya koma ya tone ramin da hannunsa. Damina ce, ƙasa ta riga ta ci rabonta. Haka aka ɗora Yaya a kan magani bisa lalube. Gashinta ya zube, ciwon bai ko gezau ba. Ba ta ga girbin dawa ba.

Kwanan baya 'yarta, da ke karatun kimiyya a jami'a, ta nuna mini bidiyo a waya. Wata na'ura ce kamar ta buga takardu, amma maimakon tawada, ƙwayoyin ƙarin majiyyaci ake zuba mata. Tana jera su hawa-hawa har ta gina ɗan ƙari kamar ƙwayar masara. Masu bincike su buga da yawa, su ɗiga wa kowanne magani daban, su ga wanda zai kashe shi. Yarinyar sai murna take yi, ni kuwa zuciyata tafasa take. Wasu na can suna gina ƙari don su gane shi, mu an ba mu namu a hannu mun tura masa ƙasa. Na ji haushin ma'aikaciyar, na ji haushin Malam, amma ba su ne suka fi ba ni haushi ba.

"Inna," ta ce, "wane iri ne ciwon mahaifiyata? An ce wani ana gadonsa, ina so in sani."

Na ce ban sani ba, kuma ban yi ƙarya ba. Abin da ban gaya mata ba, takardar tana nan a jakata. Layi uku ne kacal na Turanci, cewa a kai tsokar babban asibiti a gwada, kuma ranar da na buɗe ta, ko minti ɗaya ban yi ba na karance ta.